Shirin Darasin da Aka Yi wa Laminatin

A garinmu, duk takardar da mutum yake ganin girmanta, leda yake sa mata. Takardar haihuwa, sakamakon jarrabawa, takardar gonar gado, hoton kakan da ya rasu, duka sai an kai su shagon kwamfuta an cusa a injin nan mai zafi, su fito a sandare suna ƙyalli. Na taɓa ganin wanda ya yi wa katin asibiti laminatin, likita ya rasa inda zai rubuta masa magani. Abin bai taɓa damuna ba, don ni sana'ata riɗi ce da zoɓo da wake. Da keke na fara, ina bin kasuwannin Gwiwa da Roni ina sayen tiya-tiya, har Allah ya sa yau ina da sito a Kazaure, motoci na zuwa daga Kano su ɗauka. Takarda ba ta cikin lissafina, sai da abin ya biyo ta kan ƙanena.

Ƙanen nawa uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, amma akwai tazara mai yawa tsakaninmu. Ƙyanda ce ta tafi da idonsa tun yana ƙarami. Dangi suka ce a bar shi a gida, Allah ba zai hana shi abinci ba. Mahaifiyarmu ta ce ba ta haifi ɗan zaman zaure ba, aka kai shi makarantar makafi. Daga can ya wuce sakandare, ya wuce kwalejin horar da malamai, ya dawo da takardar shaidar koyar da Hausa.

Da rubutun makafi ya yi duk karatun nan, wanda suke kira burel. Yana da wani ɗan allo mai ƙananan tagogi da yake matse takarda a ciki, da wani tsinke mai kan katako kamar basilla. Ta bayan takardar yake hudawa, daga dama zuwa hagu, ɗigo bayan ɗigo. In ya gama ya juya ta, sai ka ga ƙananan tudu sun taso, ya bi su da yatsa daga hagu zuwa dama yana karantawa. In yana rubutu a ɗakinsa, daga tsakar gida za ka rantse kaza ce take tsattsagar dawa a faranti.

Bayan ya dawo ya daɗe ba aiki. Yakan zo sito ya zauna wurina, kuma a nan na ga irin tausayin mutanenmu. Mutum zai shigo cinikin wake, ya ga makaho a kan benci sanye da shadda mai guga, ya laluba aljihu ya danƙa masa canji a hannu. Ba zai tambayi ko wane ne ba, ba zai tambayi ko yana so ba. Ladansa yake nema, kuma a kan ƙanena ya ga arha.

Sai wani Alhaji mai sayar da siminti, wanda muka san juna a kasuwa, ya buɗe makarantar kuɗi a unguwarmu. Na ji suna neman malamin Hausa kafin a koma hutu, na same shi da maganar. Ya ce shi ba shi da matsala, amma shi gini ya sani, makaranta tana hannun hedimasta. Muka je wurin hedimasta ni da ƙanena.

Tsohon ma'aikacin ofishin ilimi ne da ya yi ritaya, aljihun gaban rigarsa cike da birori kala-kala. Kowa a unguwa ya san ƙanin matarsa yake so ya ba gurbin nan. Ni ma na sani kafin in shiga. Ya karɓe mu da fara'a mai yawa, ya riƙa yi wa ƙanena magana da ƙarfi kamar kurma aka kawo masa.

"Malam, ni ina son irinku," in ji shi. "Wallahi ina son irinku. Amma aiki yana da doka. Kowane malami zai kawo mini shirin darasinsa, in karanta, in sa hannu. Masu duba makarantu in sun zo, shi suke fara tambaya."

Ƙanena ya ce, "Ranka ya daɗe, na rubuta na zango guda cif, ga shi nan." Ya ɗora jakarsa a cinya ya fito da takardun. Duk hutun nan a kansu ya ƙare, tun kafin ya san ko zai samu aikin.

Hedimasta ya ɗauki ɗaya ya ɗaga sama, ya juya, ya sake juyawa. "Wannan ai ƙuraje ne. Me zan karanta a nan?"

"Sai in karanta maka."

"In ka karanta mini, ta ina zan san abin da ke jiki ke nan? Ba wai ina zarginka ba."

"To sai in buga maka wani a waya, a fitar a takarda."

"A'a. Wanda malami zai shiga aji da shi, shi ake sa wa hannu. Ba na aiki da takarda biyu."

Na yi shekara da shekaru ina ciniki. Na san mai saye, na kuma san wanda ya zo ya ɓata kaya da baki. Wanda zai ce riɗin da yashi, ka tankaɗe masa, ya ce da danshi, ka shanya, ya ce buhun ne bai yi masa ba. Wannan ba saye zai yi ba. Amma na bar wa ƙanena maganar, don ba ya son a yi magana a madadinsa yana zaune.

Ƙanena ya ce, "Akwai manhaja a intanet. A guruf ɗinmu na waya na ji labarinta. Ana ɗaukar hoton takardar, ta mayar da shi rubutun boko, ka karanta da idonka."

Hedimasta ya yi dariya har da dafa tebur. "Waya ta karanta ƙuraje? To madalla. Litinin ake komawa. In na karanta da idona ranar Litinin, sai mu yi magana. In ban karanta ba, ka ga ba laifina."

Wayata tana da kyamara mai kyau, amma ni kira nake yi da ita da saƙon murya. Don haka ranar Alhamis muka nufi shagon kwamfutar da ke bakin titi. Mai shagon Injiniya ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa. A allon ƙofarsa an jera duk abin da ake yi a duniya: buga takardu, hoton fasfo, cike takardar jarrabawa, gyaran waya, neman biza. Ƙanena ya yi masa bayani, ya katse shi tun bai kai rabi ba.

"Na gane, na gane. Ƙaramin aiki ne wannan."

Ya nemo shafin manhajar a wayarsa. Ya shimfiɗa takarda ɗaya a tebur, ya tsaya a kanta, ya ɗauka da fitilar kyamara a kunne. Hoton ya fito fari fat kamar bangon da aka yi wa farar ƙasa. Ya tura wa manhajar, ta yi ta juyi, ta fito da wasu baƙaƙe a warwatse waɗanda ba Hausa ba ne, ba Turanci ba, ba kuma yaren kowa ba. Ya ce sabis ne. Ya sake. Ya ce wayar ce, ya karɓi tawa. Ya fita da takardar waje da rana tsaka ya ɗauka a kan sirdin babur. Duk ɗaya. Ya ce Turawan da suka yi abin ne ba su iya aiki ba.

Ana cikin haka aka kira ni cewa motar zoɓo ta iso daga Babura, masu sauke kaya suna jira. Shagon ba wurin zama, ga hayaƙin janareta, sai na ce wa ƙanena mu je tare mu dawo. Injiniya ya ce mu bar takardun, ya kusa gano bakin zaren.

Ƙanena bai so ba. Ya tsaya da hannunsa a kan tarin takardun. "Don Allah kada ka ɗora komai a kansu. Kada a danne su."

"Haba Malam! Ni za ka koya wa riƙon takarda? Takardun manyan mutane suna kwana a shagon nan."

Bayan la'asar muka dawo. Tun daga ƙofa na ga yana murmushi, irin na wanda ya yi abin kirki yana jiran godiya. A kan tebur ga takardun ƙanena a jere, kowacce a cikin leda, a miƙe sambal, suna ɗaukar ido.

"Na gano matsalar," in ji shi. "Tudun nan ne yake hana kyamara kamawa. Takarda in ba ta kwanta ba, hoto ba ya fita. Shi ne na ce bari in bi ta kansu da inji. Ga shi kuma yanzu ko ruwa ya zuba ba abin da zai same su."

Na ce, "Duka ka yi?"

"Tunda na riga na tayar da janareta, ai gara in haɗa gaba ɗaya. Mai ya yi tsada."

Ƙanena ya ce, "Yaya, me ya yi?"

Na ɗauki ɗaya na sa masa a hannu. Ya ɗora yatsunsa a saman shafin inda ya saba farawa, ya ja su zuwa dama. Ya koma ya sake ja, a hankali. Ya juya bayan. Ya nemi ta biyu da kansa, ya nemi ta uku. Hannunsa yana ta zamewa a kan leda kamar mai shafa gilashin mota.

"Yaya, babu komai a nan."

Injiniya ya ce, "A'a, akwai mana. In ka karkata ta za ka hango su kaɗan-kaɗan."

Na ce, "Wa zai hango? Shi?"

Sai a lokacin murmushin ya fara sauka. Ya ɗauko reza ya ce bari ya ɓare ɗaya. Ledar ta taso da fatar takardar a jikinta, abin da ya rage a ƙasa ya zama kamar tsumma. Zafi da nauyin inji sun riga sun mayar da kowane tudu inda ya fito. Na ce ya gwada manhajar tasa a kan aikin da ya yi, tunda yanzu takarda ta kwanta. Ya gwada. Hoton fuskarsa da fitilar shago ne suka fito a kan ledar.

"To ai ni gyara na yi niyya," in ji shi. "Kuma bai ce kada a yi laminatin ba. Cewa ya yi kada a danne."

"Injin naka shafa su yake yi?"

Sai ya ce ko kuɗin leda ne a ba shi, don ledar ba a nan ake yin ta ba. Na dube shi sosai. Na ce masa a sana'ata, in ɗan dako ya zubar da buhu a kwata, ba ya tsayawa neman ladan ɗauka, kuma shi ɗan dako bai taɓa kiran kansa injiniya ba. Na tattara takardun na kama hannun ƙanena muka fita.

Da muka isa gida ƙanena ya shige ɗakinsa. Matata ta kai masa tuwo ya dawo yadda aka kai shi. Ni kuma ban je ba shi haƙuri ba, don na san in na buɗe baki abin da zai fito ba haƙuri ba ne.

Da safe bayan mun dawo daga masallaci ya ce, "Yaya, ina son takarda mai kauri. Tawa ta ƙare, kuma sai Kano ake samu."

"Za ka sake ne?"

"Na makonnin farko dai. Suna kaina."

Na je wurin masu buga katin biki na sayo farin kati wanda ba a buga komai a kai ba, na sa aka yanka daidai allonsa. Ya taɓa, ya lanƙwasa gefe, ya ce ya fi tasa tauri amma zai yi. Kafin ya fara ya kira wani abokinsa da suka yi makaranta tare, shi ma makaho ne, yana koyarwa a wani gari. Ya buɗe muryar wayar don in ji. Da abokin ya ji labarin laminatin, ya yi salati, sannan ya yi dariya har da tari.

"Kai, masu ido! Allah ya shirye ku. Yayan naka yana kusa?"

Na ce, "Ina jinka, Malam."

"Yaya, wayar nan ba ta ganin ɗigo. Fari ne a kan fari, me za ta gani? Inuwar ɗigon take gani. In kuka haska fitila daga sama kun kashe inuwar. Rana tsaka ma haka. Ku kashe fitilar, ku bari haske ya zo daga gefe, a kwance, kamar da sassafe ko da yamma lis. Saman takardar ya fuskanci inda hasken yake. Kuma ya rubuta a fuska ɗaya kawai, kada na baya su rikita ta."

Na ce, "Kai da ba ka taɓa ganin inuwa ba, ina ka san wannan?"

"A jikin shafin manhajar aka rubuta, Yaya. Wayata ta karanta mini. Ku da kuke gani ba ku karanta bayani, dannawa kawai kuke yi."

Ban yi musu ba. Injiniya ya yi wuni yana danna shafin nan, bayanin yana ƙasan inda yake dannawa.

Juma'a da Asabar ƙanena yana ɗaki yana huda kati. Katin biki ba takardar burel ba ne, kowane ɗigo sai ya sa ƙarfi. Zuwa Asabar tsakiyar tafin hannunsa ya yi ja ya kumbura inda kan tsinken yake zama. Matata ta naɗa masa tsumma a kan katakon. Ba ya fitowa sai salla.

Ranar Lahadi da sassafe muka je sito da shafukan da ya gama. Ƙofar siton gabas take kallo. Na jawo buhun riɗi bakin ƙofa, na ɗora faifai, na shimfiɗa katin. Rana ta ɗan taso, haskenta ya shigo a kwance. Sai ga kowane tudu da 'yar inuwarsa a gefe, shafin da jiya yake fari ya cika da rubutu har ni ina ganin layi-layi. Na ɗauka, na tura kamar yadda ƙanena ya yi ta gaya mini, don shi ya san inda kowane abu yake a shafin fiye da ni. Ta yi juyinta, sai rubutu ya fito. Na karanta masa a hankali, don bokona ba mai gudu ba ne: darasi na farko, gaisuwa da ladubbanta, aji huɗu.

Ya ce, "Ci gaba."

Na ci gaba har ƙasa.

Kada wani ya ɗauka yabon manhajar nan nake yi. Ma'aikaciya ce mai son jiki. In haske ya yi mata daidai, kati ya miƙe, sabis yana nan, za ta yi aiki. In gajimare ya gifta, sai ta haɗiye kalma. In hannunka ya ɗan karkace, ta tsallake layi guda ba ta ce maka ta tsallake ba. Wasu baƙaƙen namu na Hausa ba ta san su ba, sai ta sa abin da ta ga dama a wurin. Da yaron shago ne, ba zan bar masa mabuɗi ba. Amma mutum zai karanta ya gane abin da aka rubuta, kuma iyakar abin da aka nema ke nan.

A kwanakin nan labarin laminatin ya gama unguwa. Injiniya da kansa ya yaɗa shi, a matsayin wanda ya yi aiki aka hana shi haƙƙinsa. Ya kai kunnen hedimasta, har ya aiko a yi mana jaje. Na ce wa ƙanena da mutanen gida kada wanda ya ce an sake rubuta komai. Duk wanda ya yi mini jaje a kasuwa, na karɓa da fuskar jaje.

Ƙanena ya ce, "Yaya, wannan ba ƙarya ba ce?"

Na ce, "An lalata takardunka ko ba a lalata ba?"

"An lalata."

"To wa na yi wa ƙarya? Ba a buɗe wa mai saye duk buhunan da ke sito tun bai faɗi farashi ba."

Daren Lahadi bai yi ba sai da na je wurin Alhaji mai makaranta na roƙe shi ya leƙo da safe, ko don ya ga yadda aka koma. Ya ce dama zai zo.

Litinin muka isa da wuri. Takardun leda suna hannuna a fili, kowa yana gani. Sababbin suna cikin kwalin taliya a jakar ƙanena, don kada su dannu. Ofishin hedimasta a cike: Alhaji yana kan kujera, malamai suna shigowa sa hannu a rajista, ƙanin matar hedimasta yana tsaye a baranda da sabuwar riga. Na ajiye takardun leda a tebur.

Hedimasta ya ɗauki ɗaya ya girgiza kai. "Kai, kai, kai. Na ji wannan abu, raina ya ɓaci. Alhaji, ka ga yaron nan, wallahi na so in ɗauke shi. Ga takardu, ga natsuwa. Amma ka ga yadda Allah ya yi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wato ba don wannan ba, da ka ɗauke shi?"

"Yau ɗin nan. Da yanzu yana aji."

"Na ɗauka akwai wasu matsalolin. Rubutu a allo, ko duba littattafan yara."

Ya ɗaga hannu kamar mai korar ƙuda. "Waɗannan ai ba komai ba ne. Ga malamai nan, ana taimakon juna. Ni ban taɓa ganin nakasa a matsayin matsala ba, kowa ya san ni. Shirin darasi ne kawai, shi kuma doka ce, ba ni na kafa ta ba."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai."

Na juya. "Alhaji, ka ji?"

Alhaji ya dube ni. Ɗan kasuwa ne, ya san abin da ake nufi in dillali ya juya ya tambayi na gefe ko ya ji. Ya gyara zama ya ce, "Na ji."

Ƙanena ya buɗe jaka ya fito da kwalin taliya.

Na ce a fito baranda, don ofishin ba haske. Muka fito gaba ɗaya, har malaman da suka gama sa hannu. Na shimfiɗa katin farko a kan dakali inda rana take shigowa a kwance. Na buɗe shafin a wayata na miƙa wa hedimasta.

"Kai za ka ɗauka da hannunka, ranka ya daɗe, kada a ce na zo da abina a shirye. Zaɓi duk shafin da ka ga dama."

Ya zaɓi na tsakiya. Ya tsaya a kansa, inuwarsa ta rufe katin. Ƙanena ya ce, "Ranka ya daɗe, in kana tsaye ta gabas ka tare hasken. Sai ka zagayo ka ɗan durƙusa." Ya zagayo. Ya durƙusa da babbar riga, birori suna neman zubowa daga aljihu, yara 'yan sharar safe sun tsaya da tsintsiya suna kallo. Ya ɗauka. Sabis ya ɗan yi nauyi, na ga fuskarsa ta fara saki. Sai rubutun ya fito.

Alhaji ya ce, "Karanta mu ji."

Ya karanta layi na farko, na biyu, na uku. A na huɗu ya tsaya da murna. "Ga kuskure! Nan babu ma'ana. Malamin Hausa ne zai rubuta haka?"

Ƙanena ya ce a ba shi katin. Ya sa yatsa ya gangara layi na huɗu ya karanta jimlar cikakkiya, da kalmar da manhajar ta haɗiye. Ya ce, "A sake ɗauka, a ɗan matso." Wata malama ta karɓi wayar ta ɗauka. Kalmar ta fito.

Hedimasta ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "To, amma fa akwai maganar allo. Yaro in bai ga rubutu a allo ba..."

Alhaji ya ce, "Malam Hedimasta, ai ka sallama. A gabana ka sallama. A ba shi aji."

Aka koma ofis. Hedimasta ya zaro jan biro ya nufi tsakiyar katin da shi. Ƙanena ya ji ƙarar murfin biron ya ce, "A ƙasa, ranka ya daɗe, na bar maka fili. In ka danna a kan rubutun ka goge shi." Ya sa hannu a ƙasa, ya buga kwanan wata da ƙarfin da bai kamata ba.

Ya rama ta inda zai iya. Duk darussan ƙanena ya jera su a ƙarshen yini, a ajin da ba shi da silin, lokacin da kwano ya gasa yara sun fara hamma. Ƙanin matar tasa kuma aka ƙirƙiro masa muƙamin kula da wasanni, a makarantar da ba ta da fili. Ɗaukar hoto kuwa, bayan 'yan makonni ya ce gwiwarsa ba ta son durƙuso. Yanzu ƙanena yana miƙa masa kati ya sa hannu a ƙasa bai san ko darasi ba ne ko addu'ar shiga kasuwa. Sai dai in baƙi sun zo daga ofishin ilimi, nan ne zai fito da su baranda, ya aika a kira ƙanena daga aji, ya nuna musu yadda makarantarsa take tafiya da zamani.

Ƙanena yana nan yana koyarwa. Na tambaye shi ko zafin ajin bai ishe shi ba, ya ce yaran sun saba, shi ma ya saba, kuma in na samu hanyar Kano in sayo masa takardar gaske, katin biki yana cin hannu.

Kwanakin baya hedimasta ya zo sito sayen wake na gida. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi nasa. Yana kallon ana buɗe buhu ya ce, "Ka san ƙanen nan naka yana ƙoƙari ƙwarai. Ban yi kuskure ba da na ɗauke shi."

Na ce ai na sani. Na auna masa waken da hannuna, na share bakin tiya, ban yi masa gyara ba.